Wasiyya, kyauta tun kana raye, ko wakafi: wanne zaka zaɓa kafin ta Allah ta kasance?

Jama'a akwai maganar da bama son yi a garin nan namu na Kaduna, kana ce wa mutum ya rubuta wasiyya sai ya ɗaure fuska yace fatan mutuwa kake masa, alhali ko ya rubuta ko bai rubuta ba ranar tana nan bata matsawa. Kuma abun da ke biyo baya kowa ya sani, a dawo daga maƙabarta a yi kwana uku ana karɓar gaisuwa, kafin arba'in an fara kallon juna ƙasa ƙasa, kafin shekara ta zagayo ƴan ɗakin uwargida da ƴan ɗakin amarya sun haɗu gaban alƙali akan gida ɗaya a Tudun Wada ko shago a Kasuwar Barci.

Hanyoyin da mutane ke bi guda uku ne in ka cire masu cewa "Allah ya riga ya raba" su naɗe hannu. Akwai wasiyya, akwai kyauta wato hiba tun mutum yana da rai da lafiya, akwai wakafi. Matsalar itace yawancinmu muna ɗaukar ɗaya muna so ta yi aikin ɗaya, nan ake samun ɓaraka.

Masu cewa Allah ya riga ya raba gaskiya suka faɗa, rabon yana cikin Suratun Nisa'i aya ta 11 da 12 da 176. Amma kafin a kai ga rabon akwai matakai uku, a cire kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya, abun da ya rage shine gado. Toh bashin nan wa ya san shi in baka faɗa ba? Ayar bata faɗa wa ƴaƴanka cewa filin Rigasa rabinsa na ƙaninka bane, ko cewa akwai cikon sadakin amarya da baka biya ba har yau, ko kuɗin marayun yayanka da suke cikin akawun ɗinka na banki. Dan haka ni a wurina naɗe hannu baya cikin zaɓi ma.

Wasiyya tukuna. Ƙa'idojinta biyu ne manya, duk wanda ya riƙe su ya huta. Bata wuce sulusi, kashi ɗaya cikin uku na abun da ya rage bayan bashi, wannan daga hadisin Sa'ad bin Abi Waƙƙas ne lokacin da ya kwanta rashin lafiya ya so ya bayar da mafi yawan dukiyarsa, Annabi SAW ya tsayar da shi akan sulusi kuma ya nuna masa sulusin ma yana da yawa, barin magada cikin wadata ya fi barinsu suna roƙo. Na biyu babu wasiyya ga magaji. Wato duk wanda zai ci gadonka baza ka ƙara masa ta hanyar wasiyya ba, sai in sauran magadan sun yarda da kansu bayan rasuwarka, kuma yardar ta manya ce masu hankali, babu mai yafe haƙƙin ƙaramin yaro a madadinsa. Dan haka takardar nan da dattawa ke rubutawa su ɓoye a ƙasan akwati, "gidan Malali na Hajiya ne, na Kawo na babban ɗana ne", wlh bata da ƙarfi, ɗa ɗaya ya ce bai yarda ba shikenan an koma rabon asali.

Toh in haka ne meye amfaninta? Amfaninta na waɗanda gado baya kaiwa garesu ne, kuma kusan kowane gida akwai su. Jikan da babansa ya rasu kafin kakan, in akwai baffanninsa maza a raye a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi baya samun komai, yaro ya tashi a gidan, kaka ke biya masa makaranta, ranar rabo yana zaune yana kallo. Agola da ka yi rainonsa tun yana goye. Ɗan riƙo. Yaron shagon da ya yi maka shekara da shekaru baka sallame shi ba. Sannan wani abu da ya shafi Kaduna sosai, musulmin da ya auri kirista, ko wanda ya musulunta iyayensa suna nan a addininsu, babu gado tsakanin addini biyu amma wasiyya ta halatta, dan haka in kana so matarka ko mahaifiyarka ta samu wani abu bayan ranka ga ƙofa nan a cikin sulusi. Mutane da yawa basu san wannan ba har sai an zo rabo an ce wa baiwar Allah bata da ko sisi.

Bari in yi lissafi na misali dan a gani. Mutum ya bar miliyan 36 bayan an biya bashi, ya yi wasiyya da cikakken sulusi, miliyan 12 kenan, saura 24. Ya bar mata biyu da mahaifiya da ƴaƴa maza shida mata biyar. Matan zasu raba tumuni, kashi ɗaya cikin takwas, wato miliyan 3, kowacce ɗaya da rabi, mahaifiya sudusi, kashi ɗaya cikin shida, miliyan 4, sauran 17 na yara, namiji miliyan 2 mace miliyan 1. Kalli rabon matar da ta yi shekara talatin a gidan, miliyan ɗaya da rabi, ko ɗaki biyu masu kyau baza ta saya ba a cikin gari yanzu. Wannan ne yake sa maza da yawa su so su bar wa matansu gida, niyyar mai kyau ce, amma wasiyya ba itace hanyar ba.

Kyawun wasiyya shine bata raba ka da komai yau, kayanka suna hannunka, kuma kana iya canzawa ko ka soke duk ranar da ka ga dama. Arha ce kuma, takarda da biro da shaidu biyu adilai. Rauninta shine sai bayan baka nan take aiki, dan haka ta dogara da wasiyyin da ka naɗa, in mai raunin zuciya ne ko mai jin kunyar manyan ƴaƴanka sai a danne. Ka zaɓi wanda zai iya kallon idon babban ɗanka ya ce a'a. Kuma kar takardar ta zama kwafi ɗaya a cikin durowar da kowa ke da makullinta.

Wasu ƴan boko sukan ce bari su je wajen loya a rubuta musu irin ta turawa su raba yadda suke so. Akwai tarihi a nan. A 1971 Kotun Ƙoli ta yanke wata shari'a da ta taso daga Zariya, Adesubokan da Yunusa, ta ce musulmi yana iya rubuta wasiyya ƙarƙashin dokar Ingila ta 1837 ko da ta saɓa wa rabon Malikiyya. Bayan nan jihohi da dama suka yi nasu dokokin, kuma dokar wasiyya ta jihar Kaduna ta cire wanda shari'ar musulunci ke hawa kansa daga wannan ƴancin, sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 kuma ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumin wasiyya da kyauta da wakafi da gado na musulmi. Dan haka zuwa wajen loya ba laifi bane, yana ma da amfani wajen tsara takarda da ajiye ta, amma ka samu loyan da ya san fara'id wato ilimin rabon gado ko ka haɗa shi da malami su zauna tare, in ba haka ba ka biya kuɗi an rubuta maka abun da alƙali zai ajiye gefe.

Ƴan uwa kiristoci masu jin Hausa ku naku ya bambanta, kuna da faɗin hannu sosai wajen rabawa, sai dai ƙa'idar sa hannu ce mai tsauri, shaidu biyu su kasance tare lokacin da mai wasiyya ke sa hannu, kuma kar a sa wanda aka ba wani abu a ciki ko matarsa ya zama shaida dan rabonsa zai faɗi. Wanda bai rubuta ba kuma, musamman in auren gargajiya ne kawai ba na rajista ba, al'adar dangi ce zata yi magana, kuma mun san yadda gwauruwa ke ƙarewa a wasu wuraren.

Yanzu kyauta. Ita ce ƙofar wanda yake so ya ba magaji wani abu na musamman, matarka, ƴarka da aurenta ya mutu ta dawo da yara, ɗanka mai larura da baya iya nema. Babu iyakar sulusi a kanta matuƙar kana da lafiyarka da hankalinka. Amma tana da sharaɗi ɗaya da yake kayar da mafi yawan kyaututtukan da ake kawowa kotu, shine hauzi, wato wanda aka ba ya karɓa a hannunsa da gaske kafin mai bayarwa ya rasu ko ya shiga cutar ajali. Ba wai ka tara mutane a falo ka ce "na ba Hajiya gidan haya na Unguwar Rimi" sannan ka ci gaba da karɓar kuɗin haya kana sawa a aljihu har ka mutu ba, wannan ranar rabo gidan zai koma cikin tarika, wato dukiyar da mamaci ya bari, kamar ba a taɓa magana ba. Sai ta zama ita ke karɓar haya, ƴan haya sun san ita ce mai gida, rasit da sunanta. In gidan da kake zaune ciki ne ka ba ɗanka ma abun ya fi wuya, malaman Malikiyya sun ce sai ka tashi daga ciki, har suna kawo maganar shekara guda kafin ka iya komawa. Dattijo nawa ne zai yarda ya kwashe kayansa?

Sannan ga ɓangaren hukuma, fili ko gida mai takardar mallaka ta C of O canza suna yana buƙatar amincewar gwamna ƙarƙashin dokar filaye ta 1978, a nan jihar ta hukumar filaye ta KADGIS ake bi, akwai kuɗi akwai zirga zirga, shi yasa mutane ke tsayawa a takardar mai unguwa kawai. Takardar mai unguwa da shaidu tana taimakawa, ban raina ta ba, amma in takardun asali suna nan da sunan mamaci kuma suna hannun wani ɗan, kun bar wa mace rigima ne.

Abu na biyu akan kyauta shine adalci. Hadisin Nu'uman bin Bashir sananne ne, babansa ya yi masa kyauta ya zo Annabi SAW ya shaida, da ya ji ba a ba sauran ƴaƴan irinta ba sai ya ƙi shaidawa ya yi umarni da adalci tsakanin ƴaƴa. Malamai sun yi saɓani ko fifitawar haramun ce ko makaruhi, kuma da yawa sun sassauta in akwai dalili kamar ciwo ko tsananin buƙata, amma a gaskiya abun da muke gani ba wannan bane, mutum ne zai rubuta wa ƴaƴan amarya komai dan ya ƙuntata wa na uwargida, ko wanda Allah ya ba ƴaƴa mata zalla ya yi sauri ya rabar dan kar ƴan uwansa su ci. Kotu na iya tabbatar da kyautar in ta cika sharaɗi, amma kai ka san me ka nufa kuma Wanda zaka tarar ya sani.

Haɗarin kyauta kuma na kanka ne. Ta fita ta fita. Gaskiya ne uba yana da damar karɓe abun da ya ba ɗansa a wasu halaye, amma damar tana faɗuwa in ɗan ya yi aure ko ya ci bashi saboda dogaro da kyautar, ko ɗayanku ya kwanta ciwo mai tsanani. Mutum ya raba komai yana da shekara 60 Allah ya ja ransa zuwa 85, ga ciwon suga ga hawan jini ga kuɗin magani, sai ya koma yana jiran a yi masa alheri daga cikin abun da shi ya tara. Dan haka ni shawarata kar ka kyautar da gidan da kake kwana ciki ko abun da kake ci daga gare shi, sai abun da ko ya tafi baza ka ji ba.

Wakafi baya buƙatar dogon bayani dan kaɗan ne daga cikinmu ke da ƙarfinsa. Ka tsayar da asalin abu ba a sayarwa ba a gadonsa, amfaninsa yana tafiya inda ka ce, asalinsa filin Sayyidina Umar na Khaibar. In ka yi shi kana lafiya kuma ka miƙa, ya fita daga dukiyarka gaba ɗaya, in kuma ka ce sai bayan ranka to ya zama wasiyya ya shiga cikin sulusi. Ya dace da shaguna da za a riƙa biyan malaman islamiyya da hayarsu, ko borehol, ko kuɗin makarantar marayu. Abun da ke kashe wakafi a wajenmu rashin mai kula ne, bayan shekara goma rufi ya yoye babu wanda aka ɗora wa gyara, jikoki su fara cewa ai kakanmu aro ya bayar. In zaka yi ka rubuta wa zai kula, wa zai gaje shi a kulawar, kashi nawa na haya za a ware dan gyara.

Ma'aikata ku kuma ga naku. Sunan da ka cike a fom ɗin banki ko na fansho a matsayin na kusa da kai baya mayar da mutum mai kuɗin, shi dai wanda za a nema ne, kuɗin na magada ne duka. Banki da kamfanin fansho sai sun ga takardar kotu kafin su saki, kuma dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata su yi musu inshorar rai ta aƙalla ninki uku na albashin shekara, iyalai da yawa basu ma san da ita ba balle su nema. Rubuta sunan kamfanin fanshonka da bankunanka da walat ɗin waya duka a takarda ɗaya.

Sai ɓangaren da ya fi wuyar faɗa, kwanciyar ƙarshe. Nan ma zaɓi biyu ne, ko ka bar wa iyali su yi shawara a barandar asibiti, ko ka wakilta mutum ɗaya tun yanzu ka faɗa masa abun da kake so a gaban sauran. Na farko shi muka saba, kuma shi ne yake kawo a ga mutum yana kwance a asibitin Barau Dikko ko na Shika baya magana, babban ɗa yana cewa a sayar da gida a tafi Masar ko Indiya, uwargida tana cewa a mayar da shi gida ya cika a ɗakinsa, ƙanin mara lafiya yana cewa shi ne babba, likita yana tsaye da takarda yana jiran wanda zai sa hannu. Kowa a cikinsu son mara lafiyan yake, amma babu wanda ya san me shi yake so.

A addini neman magani abu ne mai kyau kuma kashe mara lafiya dan a hutar da shi haramun ne, a dokar ƙasa ma laifi ne, wannan babu zancen zaɓi. Amma cire na'urar numfashi wani abu ne daban, majalisar fiƙihu ta ƙasashen musulmi a zamanta na Amman a 1986 ta halatta cirewa in ƙwararrun likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwa ta daina aiki gaba ɗaya ba dawowa, ta Makka kuma a 1987 ta yarda da cirewar amma ta ce ba a hukunta mutuwa sai zuciya da numfashi sun tsaya. Iyalai da yawa suna ɗaukar in sun ce a cire sun yi kisan kai, suna ci gaba da biya ana cin bashi. A dokar Najeriya kuma babba mai hankali yana da ikon ƙin wani magani saboda addininsa, Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 2001 a shari'ar likitan wata mata mai bin Shaidun Jehobah da ta ƙi ƙarin jini. Takardar da ka rubuta tun kana lafiya ba abu bane da asibitocinmu suka saba gani, kar ka ɗauka zata yi aiki ita kaɗai, amma tana ba wakilinka ƙarfin gwiwa ya ce "ga abun da Baba ya faɗa", tana kuma cire masa zargin ƴan uwa.

Abubuwan da ya kamata su shiga ciki masu sauƙi ne, wa zai yi magana da likita, har ina ka yarda a kashe kuma daga wace dukiya, ka fi son asibiti ko gida in likitoci sun ce babu sauran abun yi, a kula maka da sallah da tsarki, a samu mai laƙƙana maka kalmar shahada. Sannan jana'iza, a binne ka inda ka rasu ko a ɗauke ka zuwa garinku, wa zai yi wanka wa zai ja sallah. Har maganar sadakar uku da bakwai da arba'in ka faɗi matsayinka, domin gida ɗaya zaka samu ɗan Izala da ɗan ɗariƙa uwa ɗaya uba ɗaya, in baka faɗa ba a kan gawarka za a yi muhawarar, kuma ko wane ɓangare kake ba a taɓa rabon marayu a dafa abincin taro.

Hattara da abu biyu a wannan lokacin. Kyautar da aka yi cikin cutar ajali hukuncin wasiyya take ɗauka, sulusi ne iyakarta kuma bata zuwa ga magaji, dan haka kawo takarda kan gadon asibiti a dangwala wa tsoho yatsa aikin banza ne. Sannan wakilci yana ƙarewa da fitar rai, wanda ke riƙe da katin ATM yana cire kuɗin magani, daga lokacin da aka ce inna lillahi kuɗin ya zama na magada, ko kai ne babban ɗa baka da ikon ci gaba da cirewa sai abun jana'iza, shi ma ka rubuta.

In ka tambaye ni wanne za a fara, wasiyya, ga kowa, ko da keke napep ɗaya ka mallaka, dan hadisin Ibn Umar ya nuna bai kamata mai abun wasiyya ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba, kuma rabinta ma ba kyauta bace, lissafin bashi ne da amana da adashi da inda takardu suke. Kyauta sai ga wanda yake da rarar da zai iya saki da gaske kuma yake da dalilin da zai iya faɗa a gaban dukkan ƴaƴansa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Wakafi sai mai yalwa da ya samu amintaccen mai kula. Mata ma duk wannan ya hau kanku, gwal da filaye da kuɗin sana'a da kuka ba miji ko ƙani ya juya, a rubuta ko bashi ne ko jari ko kyauta, dan miji yana da rubu'i, kashi ɗaya cikin huɗu, in akwai ƴaƴa, rabi in babu, kuma iyayenki ma suna da nasu kason. Takardar jinya kuma a ware ta daban da wasiyya, dan ita wasiyya sai bayan rasuwa ake buɗewa, waccan kuwa tun ana kan hanyar asibiti ake buƙatarta, kwafi ɗaya wajen wakili ɗaya wajen matarka ko mijinki.